Ciyayi 'Yan Asali a Tsibiran Tekun Kudu: Faɗi a Taswira, Ƙunci a Ƙasa

Tsakure

Maƙalar ta yi bayanin yadda ciyayi 'yan asali suka bazu a tsibiran da ke warwatse a tekunan kudancin duniya, tsakanin Afirka da Kudancin Amurka da Ostareliya da nahiyar Antatika. An ɗauki jinsuna huɗu a matsayin misali domin nuna cewa yaɗuwarsu tana bin hanyar iska da ta tsuntsayen teku fiye da yadda take bin kusanci da wata nahiya. An kuma nuna cewa jinsin da ya ratsa dubban kilomitoci a kan taswira yana iya kasancewa a takure cikin siririyar gaɓa, ta yadda 'yan zomaye ko shanu kaɗan za su iya gamawa da shi.

1.0 Gabatarwa

A tsakiyar kudancin Tekun Atilantika akwai rukunin tsibiran Tristan da Cunha, kimanin kilomita 2,800 yamma da birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu. A gaɓoɓinsu wata doguwar ciyawa take fitowa, mai kaurin kara, wadda takan ɗara mutum tsayi. Masana tsirrai sun daɗe suna kiran ta Spartina arundinacea, kafin a sauya mata suna a 2014 zuwa Sporobolus mobberleyanus. Wanda ya nemi wannan ciyawa a gaɓar Afirka ta Kudu, wadda ita ce babbar ƙasa mafi kusa, ba zai same ta ba. Inda za a sake ganin ta shi ne tsibiran Amsterdam da Saint-Paul, can tsakiyar Tekun Indiya, kimanin kilomita 7,500 daga Tristan. Tazarar nan ta ninka ta Kano zuwa Jidda har da ɗoriya, kuma babu ko taki ɗaya na ƙasa a tsakani da ciyawar ta yada zango a kai.

Idan aka shata layi a taswira aka kewaye duk wuraren da ake samun ta, za a ce ciyawa ce mai faɗin mulki. Idan kuwa aka tara girman tsibiran nan duka, wato Tristan da Inaccessible da Nightingale da Gough da Amsterdam da Saint-Paul, ba za su kai murabba'in kilomita 300 ba, kuma ciyawar ba ta rufe ko'ina a cikinsu ba. Tsakanin waɗannan ma'aunai biyu ne batun wannan maƙala yake.

2.0 Kalmomin aiki

Da yake fannin bai samu rubuce-rubuce masu yawa da Hausa ba, ya dace a daidaita kalmomi tun farko. An yi amfani da "'yar asali" ga ciyawar da ta isa wuri ba da hannun ɗan Adam ba, ko da kuwa ana samun ta a wasu wuraren. "Keɓantacciya" ita ce 'yar asalin da ba a samun ta ko'ina sai a wuri ɗaya. "Baƙuwa" ita ce wadda mutum ya kai, da gangan ko bisa kuskure. Idan ta bunƙasa har ta danne na gida sai ta zama "mai mamaya". Waɗannan siffofi na wuri ne, ba su manne a jikin tsiron ba. Gamba, Andropogon gayanus, 'yar asali ce a ƙasar Hausa, ana yin zana da ita, dabbobi suna ci. An kai ta arewacin Ostareliya a shekarun 1930 domin kiwo, ta fi ƙarfin makiyayan, ta riƙa haddasa gobarar daji mai zafin da itatuwan can ba su saba da shi ba, har gwamnatin ƙasar ta sanya ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya a 2012. Ciyawa ɗaya ce, suna biyu.

Ga ma'aunin yaɗuwa kuma, an bambanta "da'irar yaɗuwa" da "gurbin zama". Ta farko ita ce faɗin da ake samu idan aka kewaye wuraren da jinsi yake mafi nisa da juna, har da tekun da ke tsakaninsu. Na biyu shi ne ainihin ƙasar da tsiron ya kafa saiwa a kai. Ƙungiyar IUCN, mai fitar da jerin halittun da ke fuskantar ɓacewa, tana amfani da ma'aunan biyu a rarrabe. A kan nahiya sukan tafi kusa da juna. A tsibirai masu nisa kuwa bambancinsu yakan kai ninki dubbai.

3.0 Ciyayi huɗu da inda suke

Baya ga ciyawar Tristan da aka ambata, akwai wasu uku da suka cancanci a tsaya a kansu.

Ta farko ita ce Poa flabellata, wadda mutanen tsibiran Fokland suke kira tusak. Tana fitowa gungu-gungu kamar gamba, sai dai gindinta yakan tara matattun ganye da saiwoyi shekara da shekaru har ya zama kututture mai tsayin da ya kai ƙirjin mutum, ganye kuma ya tashi daga samansa. Gungu ɗaya yana iya wuce mita 2, wani ma ya kai 3. Ana samun ta a ƙarshen kudancin Amurka ta Kudu, da Fokland, da Jojiya ta Kudu mai tazarar kimanin kilomita 1,400 gabas da Fokland. Yaɗuwarta ita ce mafi sauƙin fahimta: daga nahiya zuwa tsibiri, daga tsibiri zuwa na gaba, kullum ana nufar gabas.

Ta biyu, Poa cookii, ta fi ban mamaki. Joseph Dalton Hooker ne ya bayyana ta ga ilimi, ya kuma sanya mata sunan Kyaftin James Cook, wanda ya yada zango a Kerguelen a watan Disamba na 1776. Tana tsibiran Marion da Prince Edward, da Crozet, da Kerguelen, da Heard, sannan ta tsallaka har Macquarie, kimanin kilomita 1,500 kudu maso gabas da Tasmaniya. Daga Marion zuwa Macquarie ya haura kilomita 7,000. Ba ta da gida a kan kowace nahiya: ba ta Afirka, ba ta Ostareliya. Ciyawa ce ta tsibirai zalla. A Macquarie ta haɗu da wata 'yar'uwarta, Poa foliosa, wadda ta zo daga wata fuska dabam, domin da'irarta ba ta wuce kudancin Niyu Zilan da tsibiran da ke kudu da shi ba, irin su Auckland da Campbell. Ke nan a kan gangare ɗaya ana iya ganin ciyayi biyu na dangi ɗaya, ɗaya ta fito daga ɗaruruwan kilomitoci, ɗaya danginta suna bayan dubbai.

Ta uku ita ce Deschampsia antarctica, 'yar ƙaramar ciyawa mai siraran ganye kamar gashi. Ita da wani ɗan tsiro mai suna Colobanthus quitensis su kaɗai ne tsirrai masu fure 'yan asalin Antatika. Tana kudancin Cile da Ajantina, da Fokland, da Jojiya ta Kudu, da tsibiran Orkney ta Kudu da Shetland ta Kudu, ta gangara gaɓar yammacin zirin Antatika har wajen digiri 69 kudu da ikwaita, kuma tana Kerguelen da Heard a Tekun Indiya. Babu wata ciyawa 'yar asali da ta kai ta nisa kudu.

4.0 Yadda aka ƙetare teku

Tambayar yadda tsiro marar ƙafa da fiffike ya isa irin waɗannan wurare tsohuwa ce, kuma ta taɓa raba ra'ayin aminai biyu. Hooker yana ɗan shekara 22 ya shiga jirgin Erebus a tafiyar James Clark Ross ta 1839 zuwa 1843. Ya tattara tsirrai a Kerguelen a 1840 da Fokland a 1842, ya wallafa su cikin Flora Antarctica tsakanin 1844 da 1847. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne kamannin tsirran wuraren da teku mai faɗi ya raba. Ya karkata ga cewa a dā akwai wata babbar ƙasa da ta haɗe su, daga baya ta nutse ko ta rarrabu, tsirran da ake gani kuma ragowarta ne. Charles Darwin bai gamsu ba. A ganinsa, kafin a ƙirƙiro nahiyar da babu ita, sai a fara gwada ko iri yana iya tafiya. A 1855 ya riƙa jiƙa iri a ruwan gishiri yana shukawa: cikin nau'i 87, guda 64 sun tsira bayan kwana 28 a ruwa, wasu 'yan kaɗan ma bayan kwana 137. An kuma taɓa aiko masa da ƙafar wata makwarwa da curin laka ya daskare a jikinta. Bayan shekara uku a ajiye, ya farfasa lakar ya ba ta ruwa, tsirrai 82 suka fito, har da ciyawa a cikinsu.

Ilimin duwatsu ya zo ya ba kowannensu rabonsa, amma ba daidai ba. Gaskiya ne nahiyoyin kudu sun taɓa zama dunƙule ɗaya, kuma Fokland ɓantaren nahiya ne. Sai dai rabuwar ta faru tun miliyoyin shekaru masu yawa, alhali yawancin tsibiran da ake magana a kansu jiya-jiya suka fito. Tristan dutse ne mai aman wuta da bai wuce shekara 200,000 ba. Marion bai cika rabin miliyan ba. Macquarie ɓawon ƙasan teku ne da ya ɗago sama kimanin shekara 600,000 zuwa 700,000 da suka wuce. Babu ɗayansu da ya taɓa haɗuwa da wata nahiya. Duk ciyawar da ke kansu, ta kan ruwa ta zo. A kan ciyayin waɗannan tsibirai, Darwin ne ya yi daidai.

Saura hanya. Tsakanin digiri 40 zuwa 60 kudu da ikwaita babu wata babbar ƙasa da ke tare iska in ban da wutsiyar Amurka ta Kudu, don haka iskar yamma take kewaya duniya ba tsayawa, igiyar teku ma tana bin ta daga yamma zuwa gabas. Wannan ya sa nisa a yankin yake da fuska: tsibirin da ke gabas da wani yana "kusa" da shi fiye da wanda ke arewa ko kudu, ko da kuwa ma'aunin kilomita ya nuna akasin haka. Wani bincike da Jesús Muñoz da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science a 2004 ya gwada wannan da bayanan iska na tauraron ɗan Adam, ya gano cewa kamannin tsirran wurare daban-daban na kudancin duniya ya fi dacewa da hanyoyin iska fiye da kusancin wuraren. Amma a nan akwai buƙatar taka-tsantsan, domin binciken ya shafi gansakuka ne da danginta, masu hayayyafa ta ƙwayoyi masu kama da ƙura. Irin ciyawa ya fi haka nauyi nesa ba kusa ba, kuma ba daidai ba ne a ɗauki sakamakon a ɗora masa kai tsaye, kamar yadda akan yi a wasu rubuce-rubucen.

Ga ciyawa, tsuntsu ya fi iska zama abin zargi, ko da yake shi ma iskar yake hawa. A 2005 John Croxall da abokansa sun ba da rahoton wani albatiros mai tokar kai daga Jojiya ta Kudu da ya kewaye duniya cikin kwana 46. Irin ciyawa yana da ƙaiƙayi da 'yan gasu masu kama gashin tsuntsu, kuma tsuntsayen teku da yawa a cikin ciyawar suke sheƙa ko su haƙa rami a gindinta. Duk wanda ya taɓa ratsa saura da kaka ya fito da ƙarangiya a bakin wando ya san dabarar. Tsibiran ma suna da masu irin wannan ɗabi'a: Acaena magellanica, wadda ba ciyawa ba ce, tana da 'ya'ya masu ƙugiya, kuma tana kusan dukkan tsibiran yankin. A zirin Antatika an ga wani nau'in tsuntsun gaɓa yana tumɓuke Deschampsia da saiwarta yana shimfiɗa sheƙa da ita, wani lokaci guntun ya kama a sabon wuri. Hanya ta uku ita ce ta ruwa. A 2017 an tsinci wata doguwar gansakukar teku, Durvillaea antarctica, a gaɓar tsibirin King George na Antatika. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna daga Kerguelen da Jojiya ta Kudu ta fito, bayan yawon da aka ƙiyasta ya kai kilomita 20,000.

Za a iya cewa duk waɗannan abubuwa ne da ba safai suke faruwa ba. Albatiros yakan koma tsibirin da aka ƙyanƙyashe shi ne, ba ya yawan sauka a wani, kuma ruwan teku yana wanke gashinsa kullum. Haka ne. Sai dai lissafin lokaci yana sauya ma'anar "ba safai ba". Abin da ke faruwa sau ɗaya a shekara 10,000 ya samu damar faruwa sau 20 tun fitowar Tristan. Tsibirin Heard duka-duka tsirrai 12 masu jijiyar ruwa gare shi. Ba a buƙatar cunkoson matafiya kafin a cike irin wannan gajeren jeri.

5.0 Isowa daban, zama daban

Iri ɗaya da ya faɗo a gaɓa ba shi da abokin barbara. Herbert Baker ya nuna tun 1955 cewa tsirran da ke iya barbarar kansu sun fi samun nasarar kafa zuriya bayan doguwar tafiya. Deschampsia antarctica tana cikin waɗannan, furenta ma sau da yawa ba ya buɗewa kafin ya yi iri. Poa foliosa kuwa namiji daban yake da mace, sai an samu biyun a wuri ɗaya. Ba hujja ba ce yankakkiya, amma abin lura ne cewa ta farkon ta ratsa tekuna biyu, ta biyun kuma ba ta yi nisa da Niyu Zilan ba. Alamar ƙarancin waɗanda suka fara isowa tana nan a jikin zuriyar: Deschampsia ta Antatika ba ta kai ta Fatagoniya bambancin ƙwayoyin gado ba.

Bayan barbara sai abinci. Ƙasar waɗannan tsibirai matalauciya ce, sanyi yana hana ruɓa saurin komawa taki, ruwan sama kuma yana wanke ɗan abin da ya samu. Takin da ake da shi daga teku yake zuwa, cikin kashin fengwin da na tsuntsaye masu rami da na dabbobin teku masu shayarwa da ke hawowa gaɓa su haihu. Shi ya sa manyan ciyayin suke manne da gaɓa. A Fokland tusak ba ta cika wuce 'yan ɗaruruwan mitoci daga bakin ruwa ba. A Marion, Poa cookii ta fi kauri a gangaren da tsuntsaye suka huda da ramuka da gefen mazaunin fengwin. A Heard da Jojiya ta Kudu ƙanƙara ta rufe fiye da rabin ƙasar, abin da ya rage wa tsiro shi ne bakin gaɓa. Idan za a zana gurbin zaman waɗannan ciyayi da gaskiya, zare ne za a ja a gefen kowane ɗigo, ba fenti a shafe teku ba.

Dangantakar kuma ta kowane ɓangare ce. Tsuntsu yana ba ciyawa taki, ciyawa tana ba shi rufi da ƙasa mai laushin haƙa. A Fokland akwai wani ɗan tsuntsu keɓantacce, Troglodytes cobbi, wanda a yau sai a ƙananan tsibiran da ke da tusak kuma babu ɓera ake samun sa.

6.0 Abin da ƙuncin gurbi ya haifar

Ciyayin ƙasar Hausa sun tashi tare da kiwo da gobara da fari. Ana cinye su, su sake tohowa. Na waɗannan tsibirai ba su taɓa sanin haƙorin dabba mai kiwo ba sai da jiragen ruwa suka zo. Tusak tana da zaƙi a gindi, kuma tana kore har cikin hunturu, saboda haka shanu da tumaki suka fi son ta a kan komai. An ƙiyasta cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na tusak ɗin Fokland ya salwanta tun fara kiwo da ƙone-ƙone a can. Inda ta mutu, baƙar ƙasar da gindinta ya tara cikin ɗaruruwan shekaru takan bushe iska ta kwashe. A babban tsibirin Tristan, inda mutane suka zauna tun 1816, ciyawar da suka riƙa yin jinka da ita ta ja baya ƙwarai, alhali a Nightingale da Inaccessible, inda babu dabbobin kiwo a yau, tana nan ta yi duhu har tafiya a cikinta sai da wahala.

A Amsterdam wani manomi daga tsibirin Réunion ya sauke shanu biyar a 1871, ya kasa zama, ya tafi ya bar su. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 sun kai kimanin 2,000 a tsibirin da bai wuce murabba'in kilomita 55 ba. Sai a 2010 aka kawar da na ƙarshensu. A Kerguelen zomaye aka saki a 1874. A Jojiya ta Kudu, masu farautar manyan dabbobin teku 'yan Norwe sun kawo wani nau'in barewar ƙasashen ƙanƙara a 1911 domin nama. Tusak ce abincinta na hunturu, kuma sai a 2013 da 2014 aka kawar da dubbansu.

Labarai biyu sun fi sauran koyarwa, domin sun nuna cewa ba lallai sai an ci ciyawa take ja baya ba, kuma gyara ma yana iya zama ɓarna. A Marion an kai kyanwa biyar a 1949 domin maganin ɓeraye a tashar nazarin yanayi. Zuwa tsakiyar shekarun 1970 sun haura 2,000, suna kashe tsuntsaye masu rami kimanin 450,000 a shekara. Kyanwa ba ta cin ciyawa, amma da tsuntsayen suka ragu taki ya ragu, kuma masu bincike sun danganta ja da bayan filayen Poa cookii na tsibirin da wannan rashi. Prince Edward, mai tazarar kilomita 20 kacal, bai taɓa samun kyanwa ba, ya zama ma'aunin abin da Marion ya rasa. An gama da kyanwowin Marion a 1991.

A Macquarie kuwa zomaye sun shiga a ƙarshen shekarun 1870. An saki cutar da ke kashe su a 1978, adadinsu ya faɗi, kyanwowin tsibirin suka koma kan tsuntsaye. Aka juya kan kyanwowin, aka kashe ta ƙarshe a 2000. Cikin 'yan shekaru zomaye suka dawo fiye da 100,000, suka aske gangaren Poa foliosa har ƙasa ta riƙa zaftarewa. Sai da aka shirya aiki guda na kawar da zomaye da ɓeraye gaba ɗaya, wanda ya ci kusan dalar Ostareliya miliyan 25, kafin a bayyana tsibirin a matsayin tsarkakakke a 2014. Ciyawar ta farfaɗo cikin sauri, saboda akwai sauran gungu a wuraren da zomo bai kai ba.

A duk tsawon wannan lokaci, taswirar yaɗuwar Poa foliosa da ta Poa flabellata ba su sauya ba. Muddin gungu ɗaya ya rage a tsibiri, ɗigon yana nan a taswira. Wanda ya dogara da da'irar yaɗuwa kaɗai wajen yanke hukuncin wane jinsi ne ke cikin haɗari zai ga lafiya lau a lokacin da gurbin zama yake ƙarewa. Akwai kuma wani kuskuren da faɗin da'ira yake jawowa, wato zaton cewa idan ciyawa ta ƙare a tsibiri ɗaya za ta dawo daga wani. Hanyar da ta kawo ta ta ɗauki dubban shekaru, kuma zuriyar kowane tsibiri ta daɗe a ware tana daidaita da wurinta.

7.0 Iyakar da ke motsi

A kudu can, labarin ya juya. A tsibirin Signy na rukunin Orkney ta Kudu an riƙa ƙirga Deschampsia antarctica tun 1960. Nicoletta Cannone da abokan aikinta sun wallafa a 2022 cewa saurin yaɗuwarta tsakanin 2009 da 2018 ya ninka na 1960 zuwa 2009 kusan sau biyar, kuma sun ɗora babban dalilin a kan ɗumamar bazarar yankin. Ƙanƙara tana ja da baya, sabuwar ƙasa tana buɗewa.

Sai dai ƙofar da ta buɗe wa 'yar gida ta buɗe wa baƙuwa. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma Poa annua, 'yar gajeriyar ciyawar Turai da ke bin mutum duk inda ya je, ba ta san wannan magana ba. An fara ganin ta kusa da tashar Arctowski ta ƙasar Folan a tsibirin King George a tsakiyar shekarun 1980, daga baya ta fita daga harabar tashar ta hau ƙasar da ƙanƙara ta janye ta bari, wato ainihin inda Deschampsia take nema. Yarjejeniyar Madrid ta 1991, wadda ta fara aiki a 1998, ta haramta shigar da baƙin halittu Antatika ba da izini ba, amma iri ba ya neman izini. Binciken da Steven Chown ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2012, ya share aljihu da takalma da jakunkunan maziyarta a kakar 2007 zuwa 2008, ya ƙiyasta cewa iri kimanin 70,000 ne suka shiga nahiyar a wannan kaka, kuma masana kimiyya sun fi 'yan yawon buɗe ido ɗauko shi. Inda aka yi saurin ɗaukar mataki ana cin nasara: wani ɗan fili na Poa pratensis da ya shiga Cierva Point cikin ƙasar dashe a 1954 zuwa 1955 an tumɓuke shi gaba ɗaya a 2015.

Tsibirin Heard ne ya kawo matsalar da kalmomin sashe na biyu ba su warware ba. Yana kimanin kilomita 4,000 kudu maso yamma da Ostareliya, ba kowa a kansa, kuma yana cikin wuraren da hannun mutum bai cika taɓawa ba. A 1987 aka tarar da Poa annua a can, a ƙasar da ƙanƙara ta saki ba da daɗewa ba, nesa da wuraren da mutane suka taɓa yada zango. Bayanin da masu binciken suka fi karkata gare shi shi ne tsuntsayen teku ne suka ɗauko ta daga Kerguelen, mai tazarar kilomita 500 ko ƙasa da haka, inda mutane suka kai ta tun tuni. Idan haka ne, zangon ƙarshe na tafiyarta ta yi shi ne ta hanyar da Poa cookii ta bi, zangon farko kuma a cikin jirgin ruwa. A jerin tsirran Heard guda 12, an rubuta ta a matsayin baƙuwa.